Kek ɗin da Aka Yi wa Ƙunshi

Kun taɓa ganin kek yana kuka? Ni na gani da idona, a nan Limawa, a tsakar gidan maƙwabciyata Cecilia, wadda duk layinmu ke kira Maman Jemimah. Ranar 'yarta ta cika shekara huɗu. Cecilia ta zana fuskar yarinya a kan kek ɗin, da baƙaƙen idanu da jan baki yana murmushi. Kafin a gama jera kujerun roba, idanun nan sun fara zubowa kan kumatu, bakin ya karkace ya gangara gefe. Yara goma sha huɗu na tsaye suna kallo, na san adadinsu domin ni aka ba rabon lemo. Ƙaraminsu ya ja zanen uwarsa ya ce, "Umma, wa ya dake ta?"

Ƙwai nake sayarwa a ƙofar gidana, don haka babu kek ɗin da Cecilia ta gasa a garin nan da ban san ƙwai nawa ya ci ba. Shida ne kullum, kuma sai ta ɗaga kowanne ta girgiza a kunne kafin ta saka a leda. Mutuniyar Pankshin ce. Aiki ya kawo ta Dutse tare da mijinta Nehemiah, ita tana buga takardu a sakatariya, shi yana koyarwa a sakandare. Ba ta da oba, murhun gashi na zamani. A cikin babbar tukunya take gashi, ta zuba yashi a ƙasa, ta ɗora a kan gawayi, ta zuba garwashi a kan murfi. In ta buɗe, ƙamshin har gidan biredi na bakin titi yake kunyatawa. Wajen daɗi dai babu mai ja da ita. Adon ne ya zame mata ƙarfen ƙafa.

Kada ku ce ta je ta saya mana, ga masu yi nan birjik a gari. An faɗa mata, ni ma na faɗa. Amsarta ɗaya ce: mahaifiyarta ta haifi 'ya'ya biyar, kuma babu wanda ranar haihuwarsa ta zagayo bai ci kek ɗin hannun uwarsa ba, ko a shekarar da babu. Ita da take da ɗaya tilo, ina za ta kai kunya?

Abin da ta manta shi ne, a kan tsaunin Filato uwarta take yin nata, inda ake saka rigar sanyi da safe. Jemimah kuwa a watan Afrilu aka haife ta, a Dutse, lokacin da duwatsun garin nan ke shan rana tun hantsi su dawo mana da ita da yamma. Bota da sukarin da ake bugawa a shafe kek da su, a wannan watan ko a inuwa ba sa iya tsayuwa.

Shekara ta biyar wata abokiyar aikinta ta ce mata ai botar kanti ce ba ta da ƙarfi, ta nemi ta gaske. Cecilia ta hau mota har Jahun ran kasuwa, ta sayo man shanu mai kyau a wajen wata dattijuwar Bafulatana, ta dawo tana murna. Ta buga shi da sukari, ta shafe kek. Bai kai ga narkewa ba ma, ƙamshin ya riga ya tona asiri. Nehemiah ya leƙo daga ɗaki yana shinshina, ya ce, "Cecilia, na ji man, ina tuwon?" Ba ta yi masa magana ba sai washegari a hanyar coci.

Shekara ta shida ta yi dabara. Ta kai kek ɗin firjin wata ƙawarta a can wata unguwa ya kwana. Da azahar aka ɗauke wuta. Ta ɗauko shi a adaidaita, ta rungume a cinya kamar jinjiri, direba ya taka tudun kan titi bai rage gudu ba. Da aka buɗe kwalin, rabin adon yana manne a murfi. Daga ranar yaran layi suka samo wa Jemimah suna: Mai Kek Mai Kuka. Har makaranta sunan ya bi ta.

To, bara, saura kwanaki yarinyar ta cika bakwai, suka zo sayen ƙwai tare. Cecilia ta ce, "Maman Khaulat, ki ajiye mini shida masu kyau, ran Juma'a zan karɓa." Jemimah ta tsaya tana murza bakin rigarta, ba ta ɗago kai ba.

"Mama, bana kada ki yi."

"Kada in yi me?"

"Kek ɗin. Na riga na gaya wa 'yan ajinmu bana ba ni da bazde."

Na yi kamar ina gyara kiret. Cecilia ta ajiye ƙwan da ke hannunta a hankali. Ta durƙusa daidai tsawon yarinyar ta ce ta ba ta dama ɗaya tak. In ya sake yin kuka, daga nan har ta yi aure na kanti za a dinga saya mata. Jemimah ta yi tunani irin na manya, sannan ta gindaya sharuɗɗanta: ba fuska, kuma mutum biyu kawai za ta gayyata, Asma'u da Najwa, domin su ba sa kai labari makaranta.

Da yamma Cecilia ta dawo ita kaɗai ta zauna a tabarmata. Ta tarar da Mashkura, matashiyar da ke yi wa amaren unguwarmu ƙunshi, tana zana wa 'yata Khaulat fulawa a hannu. Cecilia ta zuba wa hannun Mashkura ido, yadda ta naɗe 'yar leda kamar mazurari, lalle yana fita siriri kamar zare, ko rawa ba ya yi.

"Ke naki ba ya narkewa?" in ji Cecilia.

Mashkura ta yi dariya. "Haba Anti, namu ai zafin yake so. Da damina ne muke shan wahala, amarya ta wuni da hannu a sama kamar an kama ɓarawo. Yanzu kam kafin in gama na hagu, na dama ya bushe. Ke naki me kike zubawa?"

"Bota da sukari."

"To ai mai ne. Wa ya taɓa shanya mai?"

Sai Cecilia ta buga cinya. Ta tuna akwai wani farin ado da mahaifiyarta kan yi wa kek ɗin Kirsimeti da za a aika ƙauye, wanda ba bota a cikinsa, garin sukari ne mai laushi da ruwan lemon tsami, a dama da kauri. Yakan bushe ƙamas har a ɗaure kek ɗin a bayan babur. Ita ta raina shi ne saboda bai yi kama da na bidiyon da take kallo a waya ba. Na tambaya ko ana saka ƙwai a ciki. Ta ce a'a. Ban ji daɗi ba, amma na haƙura.

Saura hannu. Kullum in Cecilia ta taso daga aiki, Mashkura takan zaunar da ita a gaban tiren silba da aka kifa, ta naɗa mata leda. Matsalar ita ce yatsun Cecilia sun saba da buga haruffa, komai sai ta dangwala.

"Anti, ba takardar ofis ba ce. Ja za ki yi. Ki kafa ƙaramin yatsanki a kan tiren, ki riƙe numfashi, ki ja."

"Na riƙe numfashin, Mashkura, zan suma."

"In kin suma za mu yayyafa miki ruwa. Ja!"

Leda goma sha ɗaya ta fasa, ni na dinga kwashe su. Mashkura kuwa abin da ta iya shi ta koyar: ganye, reshe mai lanƙwasa, fure mai kunne biyar, ɗige-ɗige a jere. Babu wanda ya tsaya ya yi tunanin abin da hakan zai haifar, har ni mai son lissafi.

Ran Asabar da sassafe aka tura Jemimah gidan kitso don kada ta tsaya a kan uwarta. Kek ya gasu tun daren jiya, ya huce sarai. Cecilia ta shafe shi fari fat, muka saka ƙafafun teburin a cikin gwangwanaye huɗu da ruwa saboda tururuwa, muka bar shi a baranda. Kafin hantsi adon ya bushe. Don launi ta jiƙa zoɓo ta ɗiga a cikin sauran sukarin, da ya haɗu da lemon tsami sai ya koma ruwan hoda mai haske. Niyyarta ta zana balan-balan da taurari, irin na yara. Ta yi addu'a, ta kafa ƙaramin yatsa, ta ja.

Da'irar farko ta balan-balan ta karkace, sai ta gyara ta da kunnuwa, ta zama fure. Fure kuma yana son ganye. Ganye yana son reshe. Hannu ya bi hanyar da ya sani, ita kuma ta ƙi ɗagowa don kada ya yi rawa. Sunan ma bai samu wuri ba, JEMI ya zauna a sama, MAH ya maƙale a ƙasa a tsakanin ganyaye. Da ta miƙe ta ja baya ta duba, sai ta dafe kai.

"Wayyo Allah na. Maman Khaulat, na yi wa 'yar shekara bakwai kek ɗin amarya!"

Gaskiya ta faɗa. Sak bayan hannun amarya ran kamu. Ta ɗauko wuƙa za ta kankare ta sake, amma abin da ta shekara uku tana roƙo ya riga ya samu: adon ya bushe kamar siminti. In ta matsa, fatar kek ɗin za ta biyo. Nehemiah ya buɗe baki zai yi magana, ta kalle shi, ya rufe, ya tafi sayo lemo.

Bayan la'asar Jemimah ta shigo da sabon kitso, ƙawayenta biyu na biye da ita. Zafin ranar kuwa ko kaza ba ta fita. Cecilia ta ɗage kwandon da ta rufe kek ɗin da shi, ta koma gefe ta harɗe hannu.

Asma'u ce ta fara magana. "Laa! An yi masa ƙunshi!"

Najwa ta matso har hancinta ya kusa taɓawa. "Irin na Yaya Maijidda ne ran bikinta. Wallahi har ɗige-ɗigen."

Jemimah ta matso kusa. Ta zagaya teburin. Ta sa ɗan yatsa ta taɓa fure ɗaya, ta duba yatsan, babu komai a jiki. Ta ja kujera ta zauna ta zuba masa ido, kamar mai gadin tukunyar madara. Can ta ce, "Mama, yaushe zai fara?"

"Fara me?"

"Kukan."

"Ban sani ba, 'yata. Mu jira mu gani."

Muka jira. Lemo ya huce a hannunmu, gumi yana bin bayan kowa, kek yana zaune abinsa. Sai kawai yarinyar ta miƙe, ta zura silifas, ta fita da gudu. Cecilia ta dube ni, fuskarta ta faɗi. Ta fara mayar da kwandon a kan kek ɗin.

Ba ta gama rufewa ba muka ji hayaniya daga bakin layi. Gida-gida Jemimah ta bi. Yara goma sha tara ta kwaso, har da waɗanda suka raɗa mata sunan nan, tana gaba tana cewa, "Ku zo ku gani, amma ba a taɓawa! Mamata ce ta yi da hannunta." Kek ɗin ƙwai shida ne, don haka yankan da kowa ya samu bai fi kaurin katin waya ba. Da wuƙa ta shiga, adon ya yi ƙaras kamar ɓawon ƙwai, yara suka dinga rigima a kan wa zai samu fure. Cecilia tana yanka tana share ido da gefen zane, wai hayaƙin kyandir ne.

Har yanzu ba ta iya balan-balan ba, kuma layinta yakan karkace in an yi mata magana tana zane. Bana Jemimah ta ce mage take so, an gwada a kan tire, ta fito kamar akuya, aka koma fure.

In kuna da yaro da aka haifa da bazara, ku gwada mana. Garin sukari kofi biyu, lemon tsami ɗaya, ku dama da kauri yadda cokali zai tsaya, zoɓo kaɗan in kuna son launi, sai ledar ƙunshi sabuwa. Ku bar kek ɗin ya huce tukuna, ku saka ƙafafun tebur a ruwa. Kuma ku yanke shawarar abin da za ku zana tun kafin ku ja layin farko, domin zafin garin nan ba zai ba ku damar gogewa ba.