Mai Ludayi da Akwatin Kaka Hajo

Ranar wata Alhamis da la'asar, kwanaki kaɗan bayan babbar sallar 1985, ina zaune a ƙasa gaban talabijin a gidanmu na Al-Ranuna, a Madina, na rungume kaset ɗin bidiyo na ƙi sa shi. Zafi a waje ya kai yadda ko kyanwa ba ta fita, na'urar sanyaya ɗaki tana ta gurnani a bango. Yayana Bashir, wanda ya aro kaset ɗin, sai zungurina yake da ƙafa yana cewa, "Yalla ya Hamza, sa mana!" Kakarmu Hajo, mahaifiyar babanmu, ta miƙe ƙafafu a kan darduma tana cire ƙwallon dabino cikin tire. A bayan ƙofa kuwa ga akwatinta na ƙarfe, wanda ta yi kwanaki tana shirya shi. Shekarata tara, kuma na riga na yanke a raina cewa abin da ke cikin kaset ɗin nan shi zai gaya mini ko Kaka za ta bar mu.

Fim ne na zane, irin na Japan, kashi-kashi, da rubutun Larabci a ƙasan hoton. Labarin wani saurayi ne ɗan makaranta da wata yarinya da ke son juna amma ba mai iya faɗa, sai faɗuwa a kan matakala da jin kunya da marin da ba dalili. Baba ya bari muna kallo ne kawai don zane ne. Mu yara dariyarsu muke yi, Kaka kuwa ko kallo ba su ishe ta ba. "Marasa aikin yi," in ji ta, duk lokacin da suka fito. Wanda ya ɗauke mata hankali wani ɗan gajeren halitta ne da ba shi ne jigon labarin ba. Daga wata duniya ya faɗo, jirginsa ya lalace, ya samu mafaka a tankin ruwan da ke saman gidan saurayin. Kunnuwansa biyu zagayayyu ne masu dogon mariƙi, shi ya sa Kaka ta raɗa masa suna Mai Ludayi. Komai na mutanen garin ya jahilta. Yakan gaida sandar fitila, ya ci sabulu yana yaba daɗinsa, in an aike shi da saƙon soyayya ya kai wa wani tsoho mai shago. Amma a ƙarshen kowane kashi, bayan an gama shirme, sai ya hau kan tanki shi kaɗai, ya ɗaga murfin tukunya sama yana haska wa 'yan garinsu ko za su hango shi. A nan dariyar Kaka takan tsaya.

Kaka ba ta karanta Larabcin talabijin, don haka ni ne tafintanta. Hausata a lokacin ramammiya ce. Ina ji sarai, amma in zan amsa Larabci ke riga fitowa, kamar sauran yaran unguwa da aka haifa a nan. Sai in karanta rubutun da sauri in juya mata, rabi Hausa rabi Larabci, ita kuma tana gyara mini. "Maigida," haka take kirana don tsokana irin ta kaka da jika, "wane irin miji ne wannan da bai iya zance da matarsa ba?" A gaban Mai Ludayi na koyi kalmomi da yawa, har da kewa da baƙunta. A nan kuma na gane cewa idan Kaka ta ce "gida," ba ɗakin da muke zaune take nufi ba. Tana nufin wani ƙauye a ƙasar Katsina da ta baro tana amarya, ita da kakanmu, a ƙafa da bayan manyan motoci, suka yi shekaru suna noma a Sudan kafin su tsallako teku.

Rayuwata ta lokacin duk a gefen zanenta take. Da safe ni ake aika in sayo burodin tamis da wake, in dawo ina cin gefen burodin a hanya, ita ke rufa mini asiri. In makaranta ta yi hutu mukan bi ta zuwa gonakin dabino na wajen Ƙuba, inda wata ƙawarta ke aiki, mu yi ta tsalle a magudanar ruwa muna tsintar wanda ya faɗo. Ranar Juma'a takan dama fura da geron da alhazai suka kawo mata, da wani tsohon ludayin duma da ya tsage aka ɗinke shi da zare. Na mahaifiyarta ne, da shi ta taho. Ba wanda ke taɓa shi, har Mama. Na taɓa ɗaukarsa na kara a kunne ina kwaikwayon Mai Ludayi, ta bi ni da mafici har bakin titi.

A wannan shekarar ne Baffa Sule ya zo aikin hajji. Ɗan ƙanin Kaka ne, ba ta taɓa ganinsa ba, amma da ya shigo ya durƙusa ya ce "Gwaggo," sai ta kama fuskarsa da hannu biyu tana kuka, wai goshin ƙaninta ne sak. Bayan an ci an sha ya faɗi saƙon da ya kawo. Mahaifinsa ya tsufa, ido ya tafi, ba abin da yake roƙo sai a dawo masa da yayarsa ta ƙarasa kwanakinta a cikin dangi. An gyara mata ɗaki, kuma za a iya samo mata kujera a jirgin da zai koma da shi. Baba ya sunkuyar da kai ya ce magana tana hannun Inna, wato Kaka. Kaka ta ce za ta yi tunani. Washegari ta jawo akwatinta daga ƙarƙashin gado, ta fara zuba dabino da turare da carbi da yadudduka. Ba ta ce wa kowa komai ba, ni kuma tsoro ya hana ni tambaya. Na daina cin gefen burodi, na daina fita ƙwallo, sai bin akwatin da ido.

To ga shi Baffa zai tashi zuwa Jidda da safe, ga kuma kaset na ƙarshe a hannuna. A lissafina na yaro, in Mai Ludayi ya zauna, Kaka za ta zauna, tunda ita da bakinta take kiransa ɗan'uwanta. Bashir ya gaji ya fizge kaset ɗin ya tura. Aka yi shirmen da aka saba, saurayi ya samu ya furta abin da ke ransa, Kaka ta ce, "Sai yau?" Sai ga haske ya cika saman gidan, wani jirgi mai kama da faifai ya sauko daidai kan tanki. Na karanta rubutun, ban juya mata ba. "Maigida, me ya ce?" Na daure na ce, "Ya ce an zo ɗaukarsa. Zai tafi gida." Ya rungume saurayin da yarinyar, ya gaida sandar fitilar nan gaisuwar ban kwana, ya shige, jirgi ya ɗaga. Ni kuwa na kifa kaina a cinyar Kaka na fashe da kuka mai sauti, irin wanda na daɗe ban yi ba.

Sai da ta lallashe ni kafin ta gane inda na dosa, don cikin kukan Larabci da Hausa duk sun cakuɗe mini. Da ta gane, dariya ta yi har tiren dabino ya zame. "Kai wawan miji! Shi wa ya binne a garin? Ni kakanka yana maƙabartar Baƙi'a yana jirana, ga ubanka, ga kai da ba ka gama iya magana ba. In tafi in bar wa wa?" Na nuna akwati. Ta ce, "Tsaraba ce. Haka ake aika mutum gida hannu rabbana?" Ban taɓa jin sanyi irin na wannan lokacin ba. Ji na yi kamar an sauke mini buhu daga ka, yunwar kwanaki ta taso mini gaba ɗaya, na cinye dabinon da ya zube a darduma ban ko hure ba.

Da safe, kafin a rufe akwatin, ta shiga kicin ta fito da ludayin nan a naɗe cikin ɗankwali, ta miƙa wa Baffa Sule. "Ka ba babanka. Ko ba ya gani, in ya shafa zai san na innarmu ne. Ka ce masa ya yafe mini." Ta juya mana baya tana gyara mayafi. Sai a lokacin na fahimci cewa zaman da ya faranta mini rai, ita ya ci mata wani abu. Muka raka Baffa har tashar mota, Kaka tana riƙe da hannuna gam, ban san ko ni take riƙewa ko kanta ba. Juma'ar da ta biyo, da cokalin ƙarfe ta dama fura, ta yi ta mita wai ɗanɗanon ya canza.

Yau gonakin da muke tsallen magudana yawancinsu sun zama gine-gine, shagon aron kaset ma ba a san inda yake ba. 'Ya'yana suna kallon zanen Japan a waya, kowa da tasa, ba mai buƙatar tafinta. In na yi musu Hausa su amsa da Larabci, sai in ji bakina yana shirin cewa waɗanne irin yara ne waɗannan. Kaka ta rayu har ta ga aurena, yanzu tana Baƙi'a inda ta ce ana jiranta. Duk lokacin da na bi ta gefen katangar na yi mata sallama, nakan tuna ɗan gajeren nan a kan tanki da murfin tukunyarsa. Nasa jirgin ya zo ya hau, nata ya zo ta aika ludayi.