Jarka a Ɗakin Mai Jego

Duk wanda aka haifa a Rijiyar Mani tun daga shekarar babban fari, in ya ce bai san hannun Turai ba, ƙarya yake, don ita ta yanke masa cibi. Ungozoma ce. Ta gaji aikin a wurin kakarta, ta ƙara da wani baki da kakar ba ta da shi. Mijinta ya rasu tana da sauran ƙarfinta, aka yi ta kawo mata zancen aure, ta ce kullum tana ganin abin da aure ke haifarwa da idonta, ya ishe ta. 'Ya'yan cikinta ba su rayu ba. Sai ta riƙi Asama'u, 'yar ƙaninta, tun daga yaye har ta kai ta ɗakin Uwaisu, wani manomin rani mai injin ban ruwa a Watari.

Mutane sun ɗauka aikin ungozoma jini ne da jariri. Rabinsa wuta ce. Turai ke hura murhu ƙarƙashin ƙatuwar tukunyar wankan jego safe da yamma, ita ke tsoma ganyen darbejiya a tafasasshen ruwa tana fyaɗa wa mai jego har ta kira sunan uwarta, ita ke kai kaskon garwashi ɗaki don kada sanyi ya kama uwa da ɗa. Garin kuwa a cunkushe yake, danga jingine da danga, rumbu a bayan kowane ɗaki, karan dawa jibge a kowane lungu. In ka yi tari a gidanka, maƙwabci ne zai fara ce maka sannu.

Sai shekarun tsada suka zo. Fetur ya yi tashin gwauron zabi, wani lokacin ma ka riƙe kuɗinka ka rasa shi. Inji kuwa ba ya jin ban haƙuri, in bai sha ba tumatir ya bushe. Duk wanda ya samu sai ya cika jarka ya ɓoye. A gona ɓarayi, a zaure ɓarayi. To ina ne baƙo ba ya shiga? Ɗakin mace. Wannan ce dabarar da mazan garin suka gano, har suna yaba wa kansu a majalisa.

Ba wanda ya san yawan jarkokin nan kamar Turai, don ita kaɗai ke shiga kowane ɗaki. Hancinta ne ya fara gaya mata. Ta gan su ƙarƙashin gado, ta gan su bayan jeren kwanuka, wata an toshe bakinta da leda saboda murfin ya ɓata. Ita da ke zuwa da wuta a hannu! Ba ta tsoron naƙuda komai tsawonta, don ta san abin da za ta yi. Wannan abu kuwa ba ta san maganinsa ba in ya kama, kuma ba macen da ta san shi a duk garin.

Ranar da Asama'u ta haihu, Turai ta ɗaga labule ta tarar da tata jarkar a gindin gado. Ta fita zaure ta kira Uwaisu. Ya zo ya tsuguna, ya sunkuyar da kai kamar na Allah.

"Fitar da abin nan daga ɗakin yarinyar nan."

"Gwaggo, in na bar ta a zaure, kafin gari ya waye ta yi ƙafa."

"To ta yi ƙafar mana! Jarkar ce ta haifa maka ɗa?"

"To, Gwaggo."

Ta san irin wannan "to" ɗin, ta ji shi a bakin surukai ba iyaka. Da yamma ta dawo, jarka ta tashi daga gindin gado ta koma bayan ƙofa. Daga ranar Turai ta hana a kai garwashi ɗakin. Matan unguwa suka yi ta gulma, wai tsufa ya fara taɓa ta, ta bar mai jego a ɗaki mai sanyi kamar randa. Ta ji, ta yi banza da su.

Ana cikin haka mai shela ya zaga gari, wai gobe 'yan kwana-kwana za su zo filin makaranta su koyar da yadda ake kashe gobara, Mai Unguwa Sammani ya ce duk magidanci ya fito. Turai ta yi hamdala. Ko kula da kalmar magidanci ba ta yi ba.

Da hantsi ta yafa mayafi ta nufi filin. Ga jar mota, ga maza cike a inuwar darbejiya, har da waɗanda rabon su da murhu tun suna satar ƙanzo. Tana isowa Sammani ya tare ta.

"Turai, lafiya? Wata ce ke naƙuda?"

"Karatun wuta na zo ɗauka."

"Ai taron maza ne."

"Maza? Ranka ya daɗe, yaushe rabon ka da hura wuta? Wa ke gida in kun tafi gona? Wa ke gida ranar kasuwa? Kun tara fetur a ɗakunanmu, kun zo nan kun zauna ku ji yadda za mu ƙone!"

Aka yi dariya. Wani ya ce Inna Turai ta motsa. Babban 'yan kwana-kwanan, wani dogo da ake kira Malam Hadi, ya jiyo hayaniyar ya matso, ya tambaya shin ba za a kira mata ba, don galibi su ke kusa da wuta. Sammani ya gyara babbar riga ya ce nan ba birni ba ne, matan aure ba sa fitowa fili, baƙo kuma ba ya shiga gida. Ya ce kada Malam ya damu, kowane magidanci malamin gidansa ne, duk abin da aka faɗa a nan kafin la'asar ya isa kunnen mata. Maza suka amsa da ƙwarai kuwa. Malam Hadi ya dubi Turai, ya dubi taron, ya ga ba shi da ikon tsallake Mai Unguwa. Ya ce, "Inna, ki yi haƙuri, in Allah ya yarda za mu dawo da ma'aikaciyarmu, 'yar'uwarku mace, ta shiga gidaje."

"Ni ba matar aure ba ce," in ji Turai. "Ku bar ni in tsaya can gefe."

Sammani ya ce in aka bar ɗaya, gobe goma ne. Haka aka rako tsohuwar da ta wanke rabin mutanen filin suna tsirara har bakin hanya, ana ta ba ta haƙuri. Daga ƙofar gidanta ta hango hayaƙi ya tashi baƙi ƙirin, ya mutu nan take, ta jiyo tafi.

Da yamma ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana tambaya. Wannan ya ba ta labarin jiniya. Wancan ya ba ta labarin mesar ruwa mai kaurin cinya. Wani ya kwashe da dariya yana nuna yadda Mai Unguwa ya tattare riga ya ja da baya da wuta ta tashi. Ta tare Uwaisu a zaure, ya sake tsugunawa.

"Me suka ce a yi in ta kama?"

"Ai Gwaggo, abubuwa ne da yawa. Sun dai ce a dinga kula."

"Shi ke nan?"

"In na zauna zan yi wa Asama'u bayani."

Ya miƙe, wai zai je duba inji.

Ranar kasuwar Ɗanbatta gari ya zama na mata da tsofaffi. An tashi da sanyi mai shiga ƙashi. Turai ta ɗora ruwan wanka a tsakar gidan Asama'u, sai aka aiko wata na kan gwiwa a ƙarshen gari, ta tafi. Jariri ya yi ta atishawa. Asama'u ta ga ba Gwaggo, ta ɗebi garwashi kaɗan a kasko ta shiga da shi ɗaki, ta ajiye nesa da ƙofa, a ganinta ta yi hankali. Ba ta san bakin jarkar na yoyo ba.

Da wuta ta kama, Asama'u ta yi abin da ya kamata, ta suri ɗanta ta fito ta miƙa wa maƙwabciya ta kan danga. Sannan ta yi abin da kowace mace ta taso ta ga ana yi, ta cika bokiti daga tukunyar wanka ta koma ta watsa. Mata suka ɓullo da tuluna da robobi, kowa na zubawa. Wutar ta hau kan ruwan ta biyo shi, ta malalo ta bakin ƙofa ta kama zanin Asama'u, ta wuce ta kama danga. Kafin mazan farko su dawo daga kasuwa, gidajen layin da rumbunansu sun zama toka. Asama'u ta cika a asibiti, hannunta cikin na Turai. Abin da ya fi cin Turai a rai, ta san da tana nan ita ma ruwan za ta zuba.

Ranar addu'ar uku aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar abin da ya rage na gidan. Malam Hadi ya ji labari ya zo gaisuwa. Turai na daga cikin zaure, jaririn goye a bayanta, tana jin su. Bayan an shafa fatiha Malam Hadi ya ce, cikin sanyin murya, "Jama'a, ba mun yi magana a kan wutar fetur ba?"

Suka amsa baki ɗaya kamar 'yan aji ɗaya, har da Uwaisu, hawaye na bin fuskarsa: "Ba a zuba mata ruwa. Ƙasa ake zuba mata."

Turai ta fito. Ba ta yi sallama ba, ba ta gyara mayafi ba. Ta tsaya a kan Uwaisu.

"Maimaita."

"Gwaggo..."

"Na ce maimaita!"

"Ba a zuba mata ruwa. Ƙasa ake zuba mata."

"Su ne abubuwan da yawa? Wannan ne sai ka zauna?"

Sammani ya fara cewa komai da ƙaddara, ta juyo ta dube shi, ya haɗiye sauran. Ta waiwaya ta kalli tsakar gidan ta ƙofar da ta ƙone. Daga bakin ɗakin har zuwa murhun da Asama'u ta ruga ɗebo ruwa, ba siminti, ba daɓe. Ƙasa ce zalla, a kanta yarinyar ta yi gudu.

Turai ta sunkuya da goyonta, ta damƙi ƙasar cike da hannu biyu, ta ratsa ta tsakiyar tabarmin maza, ta shiga gidan da ke kusa. Daga waje suna jin muryarta tana kiran matan gidan da sunayensu, tana cewa kowa ta bar abin da take yi ta fito.