Na Zana Iyakar Gonarmu, Na Raba Gidanmu

A lokacin ina shekara ta biyu a kwalejin ilimi, ina jigila daga ƙauyenmu na wajen Minjibir zuwa birni. Yarinya ce ni mai rawar kai, ba na ganin abu in yi shiru. Tun rasuwar mahaifina, ni da Inna muke zaune gida ɗaya da Baffa, yayan mahaifina, gonarsa kuma tana manne da tamu.

Malaminmu ya ba mu jinga, kowa ya ba da labari da zane a farin allo. Za ka zana, ka ɗauki hoto da waya, ka goge kaɗan, ka matsar da zanen, ka sake ɗauka, har in an haɗa hotunan sai su yi motsi. Ya ce labarin gaske ya fi kawo maki. Yana faɗar matsarwa kaɗan-kaɗan, wallahi Baffa ne ya faɗo mini. Duk damina sai ya tuge gambar da ke kan iyaka ya dasa ta taku ɗaya cikin gonarmu. Inna ta sani, ta kuma sha ce mini in kama bakina.

Na aro allo, na ɗaure wayata a tsani, na yi kwana tara ina zane a bayan rumbu. Ban sa sunan kowa ba, ina ganin na yi dabara. Amma na zana kukar nan ta bakin gonarmu mai reshe a karye, na zana rijiyar da ke kusa da ita, mutumin da ke matsar da gambar kuma na sa masa ɗingishin Baffa. Kai, wauta! Inna ta tarar da ni ta tambaye ni me nake yi, na ce mata aikin makaranta ne, ta sa mini albarka.

Na ci maki mai kyau. Malam ya tura bidiyon guruf ɗin aji don a yi koyi, kafin Juma'a ya iso wayoyin samarin garinmu, ana kallo a bakin masallaci ana dariya. Na roƙi 'yan aji su goge, suka ce ai ya riga ya fita. Na kasa zuwa makaranta, na kasa fita ɗebo ruwa, tsakar gida ma sai na leƙa kafin in taka. Sati uku ina ƙunshe a ɗaki kamar mai takaba. Na durƙusa gaban Baffa, ya ce da ni bai san yana da 'ya a gidan nan ba. Inna ba ta zage ni ba, cewa kawai ta yi shekara takwas tana ba da taku ɗaya don a bar mata gaisuwar safe.

Mai gari ya zauna da dattawa, aka mayar da gambar inda take. Washegari Baffa ya kira magina suka ja katanga ta tsakiyar gidan, ya fasa ƙofarsa ta baya. Bara matarsa ta rasu, a bakin maƙwabta Inna ta ji.

Har yau ina cizon yatsa. Na gane gaskiyata ce, amma labarin ba nawa ba ne ni kaɗai. 'Yan'uwana ɗalibai, kafin ku ɗauki sirrin gida ku kai aji, ku tambayi wanda zai kwana a cikinsa. Allon nan da tsumma ɗaya na goge shi. Katangar kuwa kullum da safe Inna na share gindinta.