Ƙafar da ba ta yi ɗumi ba

Har na bar aiki ban manta da wata safiyar kasuwar Dogon Dutsi ba, lokacin ina ƙaramar ma'aikaciya a ɗakin tiyata, ƙarƙashin Madam Rakiya, shugabar masu allurar kashe zafi. Allah ya jiƙanta. Ku sababbi ba ku tarar da ita ba, kun yi asara wallahi.

Aka kawo wata Bafillatana daga rugar bayan Dogon Kiriya, sunanta Dije, haihuwar fari, naƙuda ta ƙi ci gaba. Dokta ya ce sai an yi aiki a ciro ɗan. Madam ta yi mata feridiral, wato a zura siririn tiyo a gadon baya a riƙa tura magani, daga cibiya zuwa ƙasa ya mutu, mutum kuma idonsa biyu.

Maganin nan, kafin ya kashe zafi, jijiyoyin da ke matse hanyoyin jini da kawo gumi yake fara kwantarwa, waɗanda mutum ba shi da iko da su. Sai ƙafa ta yi ɗumi, ta bushe, tansiyo, wato ƙarfin gudun jini, ya ɗan sauka. Aikina ke nan, in auna tansiyo in faɗa.

Dokta ya tsunkuli fatar cikin Dije da ƙarfe. "Kin ji?"

"A'a," in ji Dije. Ko gira ba ta motsa ba.

Ya miƙa hannu a ba shi wuƙa. Madam ta ce, "Dokta, dakata." Ta cusa hannu ƙarƙashin zane, ta kama ƙafafun, ta ce in taɓa. Ta dama ɗumi kamar an fito da ita daga bargo. Ta hagu sanyi ƙalau, ga danshin gumi. Bugun zuciya kuwa sai hawa yake. Maganin gefe guda ya bi.

Dokta ya ce, "Madam, ɗan ya gaji fa, kuma ta ce ba ta ji."

"Haihuwar fari ce, kuma Bafillatana. Ko kun yanka ta haka, ba za ta ce uffan ba."

Madam ta janyo tiyon kaɗan, muka kwantar da Dije ta hagu, ta ƙara magani. Dokta na ta safa da marwa, Madam kuwa tana riƙe da ƙafar, har ta yi ɗumi, ta ce, "Yawwa, ta taho. Bismilla." Aka ciro ɗa namiji, yana tsala kuka.

Muna shirin fitar da ita, Dije ta kama gefen rigar Madam. "Inna, da farko na ji. Don Allah kada uwar mijina ta sani."

"Wa za shi gaya mata, ɗiyata?"

Madam ta fita ta samu tsohuwar a gindin itacen bedi, ta ce, "Surukarki ko tari ba ta yi ba." Ba ta kuwa yi ƙarya ba.

Yanzu kuna da na'urar da ake maƙalawa a yatsa ta nuna muku gudun jini. Ku duba ta, ku kuma san mutanen da kuke wa aiki, don a ƙasar nan akwai wadda ta gwammace wuƙa da a ce ta yi raki. Ni dai kewar Madam ke damuna. Ranar jana'izarta na hangi Dije cikin mata, ta biyo motar kasuwa, tana kuka a gaban kowa.