Karkataccen Yatsan Yayana

Shekarun baya, wani baƙon malami ya zo lakol ɗinmu, wato makarantar boko, a Cadawa da wasan ƙasarsu: kulki, da 'yar ƙwallo mai taurin goruba, da safar hannu ta fata. Ɗaya ya jefo, ɗaya ya maka, saura su cafe. Yayana aka ajiye can ƙarshen fili, inda ƙwallon ke faɗowa in ta yi nisa.

Da la'asar nakan zauna in kalle shi. Ƙwallon za ta tashi ta shige cikin hasken rana, shi kuma yana gudu fuskarsa sama, bai ko duba ƙasa, har ta sauko masa a tafi. Malamin ya ce a ƙasarsu tun zamanin kakanninsa akwai waɗanda wannan tsayuwa ce sana'arsu, kuma zai zaɓi 'yan kaɗan ya kai Yamai. Ni kuwa tuni na gama shelanta wa 'yan unguwa cewa yayana jirgi zai hau. Har launin takalmin da zai kawo mini na zaɓa.

Sai dai safar ta hannun hagu ce. Da mahaifiyata ta ji, sai ta ajiye maburgi.

"Kai ɗan nan, mi ka ce? Abin da ya sauko maka daga bisa, da hagu za ka amsa? Haka na koya maka?"

Yayana ya yi dariya, ya ce, "Inna, wasa ne."

Ranar zaɓe Inna ta zo kallo, ta tsaya gindin gawo. Aka maka wata ƙwallo da ban taɓa ganin mai tsawonta ba. Yayana ya bi ta har gaban Inna. Sai na ga ya yarfar da safar, ya miƙa dama tsirara. Ƙarar da na ji ta ƙashi ce.

Ba a tafi da shi ba. Na yi kuka fiye da shi, rabi don takalmina.

Yau manomi ne a wajen Gazawa. Har yanzu in ya miƙo mini hannu na ga karkataccen yatsan nan, sai tausayi ya kama ni. Bara na tambaye shi ko yana da-na-sani. Ya daɗe yana kallon sama, sannan ya yi murmushi.

"Ƙanena, ai ƙwallon ba ta taɓa ƙasa ba. Kuma Inna na kallo."