Lauyan Karnuka Ya Ajiye Aiki

Shekara talatin da ɗaya, kullum da hantsi za ka gan shi a kan tsohon babur, akwatin ƙanƙara cike da allurar rigakafi ɗaure a baya, yana bi gida-gida yana tambayar wa ke da kare. Ma'aikacin asibitin dabbobi ne, amma Lauyan Karnuka muke ce masa, don duk inda aka taru da sanduna a kan karen da ya yi cizo, sai ya kutsa ya tsaya a tsakiya. Ni kaina na sha yi masa dariya. Wannan watan ya yi ritaya, kuma bakina ba zai yi shiru ba.

Bara karen maƙwabcinmu ya ciji mahaifiyata a dunduniya tana shanya. A ido lafiyarsa ƙalau, cizon ma bai taka kara ya karya ba. Muna neman sandar da za mu kashe karen sai Lauya ya iso. Ya sa aka wanke wurin da sabulu a bakin famfo, minti goma sha biyar cur, ya tura mu asibiti aka yi mata allurar farko. Karen kuma ya kulle shi a keji.

"Kwana goma zan zuba masa ido," in ji shi. "In akwai ciwon hauka a yawunsa, ba zai kai ba. Kada ku kashe mini shaida."

Kwana uku wurin ya kame, Mama ta ce ita da allura sun yi hannun riga.

"Ɗan ƙwarzanen nan? Ku ƙyale ni haka nan."

Lauya ya zo ya durƙusa. "Mama, ciwon nan ba a fata yake zama ba. Jijiya yake bi sannu a hankali har ƙwaƙwalwa. Ranar da ya bayyana, babu likitan da zai iya masa."

Ta ce ta ji, amma ko ƙofa ba ta leƙa ba. Hankalina ya tashi sosai.

Rana ta biyar ya dawo ya roƙe ta ta zo ta ga wani abu. Muka tarar da karen baki a sake, yawu na dalala, yana gatsar ƙarfen keji, ko ubangidansa bai gane ba. Mama ta daɗe tana kallo, sannan ta kama hannuna ta ce, "Kai ni asibitin." Ba ta ƙara tsallake allura ko ɗaya ba.

Lauya, kai ne ka jure gorinmu ba ka taɓa ramawa ba. Da mun kashe karen nan ranar farko, da babu abin da zai mayar da Mama asibiti. Mun gode, Allah ya saka maka da alheri. Masu kare, ku kai su rigakafi. Masu tasowa a aikin, ku yi irin haƙurinsa da mutane.

Yau da safe Mama ta zazzaga mini faɗa don na bar mata ƙofa a buɗe. Na tsaya ina murmushi har ta gama, ban so ta daina ba.