Tsohon da Na Kusa Sallama

Ko zan manta komai na shekarata ta farko a aikin likita, ban da wata ranar Laraba a sashen gaggawa na wani asibiti a Garwa.

Shugabar sashenmu wata Bafulatana ce 'yar Ngawundere, Madam muke ce mata. Tana da wata ɗabi'a: kowace Litinin da safe sai ta tara mu, ta miƙa wa kowane likita takardun majinyatan da ya tura hoton sikana, haɗe da sakamakonsu. Ni kuwa a lokacin tsoro ne ya yi min yawa, ko ƙulu mutum ya yi a goshi sai na tura shi. Tulin takarduna ya fi na kowa, kuma yawanci ba a ga komai ba.

Wata Litinin ta dube ni ta ce, "Dokta, kafin na'ura ta gan su, hannunka ya taɓa su kuwa? Na'urar nan ɗaya ce, masu ciwon gaske na layi."

Abokan aiki suka yi 'yar dariya. Wallahi abin ya sosa min rai, ni kuma akwai ni da zuciya. Na ce a raina shi ke nan, ba za a ƙara ganin tulina ba.

Ranar Larabar, bayan azahar, wani mutum ya kawo wani dattijo ɗan kasuwa da ya faɗo daga babur. Kansa ya kumbura kaɗan. Na ce, "Baba, ina ke ciwo?" Ya yi murmushi ya amsa da Fulatanci, "Jam tan, ɗana, lafiya lau. Sallame ni in samu la'asar." Na dudduba shi, raina bai kwanta ba, amma na tuna Litinin. Na ɗauki biro na fara rubuta sallama.

Madam na wucewa sai ta tsaya. Ta tambayi wanda ya kawo shi, "Mene ne naka?" Ya sunkuyar da kai ya ce surukinsa ne, 'yar tsohon yake aure. Ta ce ya ɗan ba mu wuri. Yana fita ta ja kujera ta zauna.

"Baba, yanzu ba mai jin ka sai mu."

Nan take fuskar tsohon ta sauya. Ashe tun kafin a ɗauko shi ya yi amai, kansa kamar zai tsage, kuma yana shan maganin tsinka jini. Kunya ce ta hana shi kokawa a gaban mijin 'yarsa. Ni da na tashi a garin nan na san wannan sarai, amma hankalina na kan takarda.

Hoton ya nuna jini na taruwa a cikin kansa. Kafin magariba aka shiga da shi tiyata, kuma Allah ya tashe shi. Da na sallame shi, da a gida zai kwanta ya ƙi tashi.

Litinin na zo ina jiran a yi min tatas. Sai Madam ta ɗaga takardar tsohon ta ce, "Wannan laifina ne. Ina nuna muku waɗanda kuka tura a banza, ban taɓa nuna muku waɗanda ya kamata ku tura kuka ƙi ba. Na koya wa yaron nan tsorona." Daga ranar ta sa ana bin sawun waɗanda muka sallama ba hoto, ana kawo mana labarinsu su ma. Ban taɓa ganin babba ya ɗauki laifi haka a gaban na ƙasa da shi ba, kuma har yau ina jinjina mata.

Yanzu ni ke raba takardun Litinin. Abin da na koya shi ne, idan ka nuna wa likita rabin kuskurensa kawai, zai gudu ya faɗa ɗaya rabin, kuma majinyaci ne zai kwana a ciki.